Masu Juya wa Teku Baya: Kwana Shida a Rapa Nui

Tun da jirgi ya ɗaga daga Santiyago, babban birnin ƙasar Cile, har muka sauka, awa biyar da 'yan kai, ban ga ƙasa ko da faɗin tabarma ba. Ruwa ne kawai, shuɗi, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Tsakanin tsibirin Rapa Nui da gaɓar ƙasar Cile da ke mulkinsa akwai sama da kilomita 3,500. Maƙwabcinsa mafi kusa da mutane ke zaune a kai, tsibirin Pitcairn, yana can nisan kilomita 2,000 da ɗoriya, shi ma mazaunansa ba su kai 100 ba. Ina zaune gefen taga ina ta auna wannan nisa a raina, ina tuna cewa waɗanda suka fara zuwa nan, wajen shekara ta 1200, a kwalekwale suka zo, da kajinsu da irin shukarsu, taurari da kaɗawar igiyar ruwa ne jagoransu.

Duniya ta fi sanin wurin, wanda ya yi suna da manyan gumakansa na dutse, da sunan Tsibirin Ista, saboda ranar Lahadin Ista, 5 ga Afrilu 1722, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan mai suna Jacob Roggeveen ya ci karo da shi. Masu wurin ba sa kiransa haka. Rapa Nui suke cewa, kuma haka suke kiran kansu da harshensu. Tun a ranar farko na bar sunan baƙi na kama nasu.

Shiga tsibirin ba kara zube ba ne. Tun a filin jirgin Santiyago sai ka cika takarda ta musamman, ka nuna tikitin dawowa, ka nuna inda za ka kwana, kuma tun 2018 doka ta ce baƙo ba zai wuce kwana 30 ba. Filin jirgin Mataveri ƙarami ne, amma titin saukarsa dogo ne ƙwarai, don Amurkawa sun ƙara masa tsawo a shekarun 1980 saboda ko jirginsu na zuwa sararin samaniya zai buƙaci saukar gaggawa. Matar da na sauka a gidanta ta tarye ni da sarƙar furanni, ta rataya mini a wuya, ta ce "Iorana." Da wannan kalmar suke maraba, da ita kuma suke sallama. Gari ɗaya ne tak a tsibirin, Hanga Roa, kuma kusan duk mutanen wurin, da ƙidayar 2017 ta ce 7,750 ne, a cikinsa suke. Sauran tsibirin ciyawa ce da baƙin dutse da dawakai sake, suna kiwo har kan kwalta. Duk faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 165 ba. Siffarsa kusurwa uku, kowace kusurwa da dutsenta mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa.

Na sayi tikitin shiga wuraren tarihi, dala 80 a lokacin, mai aiki na kwana 10. Tun 2017 ƙungiyar 'yan asalin tsibirin da ake kira Ma'u Henua ce ke riƙe da waɗannan wurare, bayan shekaru da dama suna hannun gwamnatin Cile. Yawancinsu yanzu ba a barin baƙo ya shiga sai da ɗan jagora. Da farko na ɗauki abin a matsayin ƙarin kashe kuɗi. Kafin azahar ɗin washegari na gane cewa da ban bi wannan doka ba, da na zo na koma ban ga komai ba.

Jagoran da mai masaukina ta haɗa ni da shi dattijo ne, ya ba shekara 60 baya, gashinsa fari ya ɗaure shi a ƙeya. Na ji yara da manya suna ce masa Koro, da na tambaya aka ce haka ake kiran dattijo don girmamawa, dattijuwa kuma Nua. Ni ma na bi sahu. Muna cikin mota na tambaye shi, "Koro, waɗannan gumakan, wane ne babba a cikinsu da ake bauta wa?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ba alloli ba ne. Moai sunansu, kuma a harshensu ana ce musu aringa ora, wato fuska mai rai. Kowane ɗaya fuskar wani babba ne da ya rasu, wanda zuri'arsa ta sassaƙa ta kafa a kan dandamalin dutse da ake kira ahu, don albarkar da a harshensu ake ce wa "mana" ta ci gaba da sauka a kan gidansa da gonarsa. Ya ce shi ya sa suke juya wa teku baya, suna duban inda 'ya'yansu suke.

Na ji maganar da kunne, amma ba ta shige ni ba sai a Akahanga.

Wuri ne a gaɓar kudu wanda ba a gyara ba, an bar shi yadda tarihi ya bar shi. Moai duk suna kife a ƙasa, fuska cikin turɓaya, wasu wuyansu ya karye, jajayen duwatsun da ke kansu sun gangara gefe. Bayansu teku na ta dukan baƙin dutse, kumfa na tashi fari, iska na watsa mana gishiri a fuska. Ina neman inda zan tsaya in ɗauki hoton wani da ya kwanta shi kaɗai, sai na ja da baya, na taka wani shimfiɗaɗɗen dutse, na hau kansa don in samu tudu. Ban ma lura na ƙetare layin ƙananan duwatsun da aka jera ba. Koro bai ɗaga murya ba. Ya matso, ya miƙo mini hannu kamar mai taimakon yaro ya sauka daga dakali, ya ce, "Ɗana, sauko. Akwai mutane a ƙarƙashin nan." Na sauko jikina a sanyaye. Ashe ahu makabarta ce. A cikin waɗannan tarin duwatsu akwai ramukan da aka ajiye ƙasusuwa, bayan wasu kuma akwai wurin ƙona gawa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya gyara wani ɗan dutse da ƙafata ta gusar, muka wuce. Daga wannan lokaci tafiyata ta canza. Duk inda muka isa sai na fara duban ƙasa kafin in dubi sama.

A nan Akahanga ya nuna mini tushen gidajensu na da, duwatsu masu ramuka an jera su kamar kwalekwale a kife, a ramukan ake cusa sandunan rufi. Ƙofar sai da rarrafe. Ga murhun ƙasa da suke kira umu, ga ɗakin kaji na dutse, ga wasu da'irori na dutse da ake shuka a ciki don kare tsiro daga iska, manavai. Gonakinsu ma da tsakuwa suke rufe su, ta riƙe laima ta kuma hana iska kwashe ƙasa. Mutanen da suka san yadda za su ci abinci daga dutse ne.

Kwana na uku muka fita da duhu zuwa Tongariki. Agogon tsibirin ya sa rana ba ta fitowa a watan Maris sai bayan ƙarfe takwas, don haka na yi asuba a natse kafin Koro ya iso. Da muka kai ba a ganin komai sai taurari, sai rugugin teku daga gabas. A hankali sama ta fara yin toka-toka, sai ga su suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, su 15 a jere, baƙaƙe, kafaɗa da kafaɗa kamar sahu. Babu biyu masu tsawo ɗaya. Wani siriri, wani mai kauri, ɗaya kaɗai ke ɗauke da jan dutsen nan a ka, wanda ake kira pukao, da yawa kuma na ganin tukkun gashi ne aka kwaikwaya. Mafi nauyinsu tan 86 ne. Mu baƙi mun kai mutum 50 a filin, amma da rana ta ɓullo ta tsakaninsu, inuwarsu ta miƙo doguwa har ta rufe mu, ban ji wanda ya yi magana ba.

Su ma waɗannan a kife suke a da. A watan Mayun 1960 aka yi girgizar ƙasa mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, a kudancin Cile, ambaliyar tekun da ta haifar ta ƙetaro duk wannan nisa ta kwashi waɗannan ƙattin duwatsu ta watsar da su can cikin fili. Sai a shekarun 1990 aka sake tsayar da su, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi ɗan Cile Claudio Cristino, da injin ɗaga kaya da kamfanin Tadano na Jafan ya bayar. Duk moai ɗin da ka gani tsaye a kan ahu a yau, tayar da shi aka yi a ƙarni na 20. Zuwa 1868 babu ko ɗaya da ya rage a tsaye a kan dandamalinsa.

Daga Tongariki ana hango Rano Raraku, dutsen da aka sassaƙo kusan dukkansu daga jikinsa. Tikiti sau ɗaya kawai yake ba ka damar shiga nan, saboda haka na ce wa Koro kada mu yi sauri. Mun yi awa uku.

A gangaren dutsen, cikin koriyar ciyawa, kawuna ne birjik, wani ya karkata hagu, wani ya sunkuya, wani ya ɗaga haɓa yana duban sama. Su ne waɗanda hotonsu ya cika duniya har mutane ke zaton kai ne kawai babu jiki. Jikinsu na nan, ƙasar da ta gangaro shekara da shekaru ce ta binne su har wuya. Moai kusan 400 ne a wannan wuri, cikin wajen 900 da ke tsibirin baki ɗaya. Hanya ta bi da mu kusa da wani har ina ganin ƙofofin hancinsa, da siririn leɓensa a tsuke, da dogon kunnensa, da farar gansakuka da ta yi masa dabbare-dabbare a kumatu. Dutsen ba santsi gare shi ba, toka ce ta aman wuta da ta daskare, rawaya-rawaya, da ƙananan tsakuwa a cikinta. Ruwan sama da iska na cinsa a hankali. Gobarar da ta tashi a nan a watan Oktoban 2022 ta ƙara tsattsaga wasu daga cikinsu, Koro ya nuna mini gefen da wutar ta bi, muryarsa ta yi ƙasa.

Can sama kuwa, a jikin dutsen kansa, nan ne abin ya fi kama ni. Ka tsaya kana kallon bango kawai, sai idonka ya saba, ka ga hanci, ka ga goshi, ka ga ashe mutum ne kwance rigingine, bayansa bai rabu da dutsen ba. Gefensa ga wani, samansa ga wani, kai da ƙafa, an yi amfani da kowane taƙi. Suna fara sassaƙa fuska da ciki da hannaye tun yana kwance, sannan su riƙa rarake ƙarƙashinsa ta gefe biyu har ya rage ɗan siririn dutse a gadon baya, sai su karya shi su zurara da shi gangare, su tsayar da shi a rami su ƙarasa bayan. Duk wannan babu ƙarfe. Da wani gizagon dutse mai tauri da ake kira toki suke yi, kuma har yau sawun saran na nan a bango, layi-layi, kamar jiya aka tashi daga aiki. Akwai wani da bai rabu da dutsen ba mai tsawon kusan mita 21. Na tsaya daga ƙafarsa na kasa ganin ƙarshen kansa sai da na matsa. A ƙarshen hanya kuma akwai wani daban da kowa, Tukuturi, yana durƙushe a kan dugadugansa, hannu bisa gwiwa, da ɗan gemu.

Na yi wa Koro tambayar da kowane baƙo ke yi, yaya aka kai su gaɓar teku, wani har nisan kilomita 15 ko fiye? Ya ce kakarsa ta ce tafiya suka yi. Turawa sun daɗe suna jin wannan amsa suna murmushi, suna kawo nasu bayanin, wasu su ce a kan gungumen itace aka gangara da su, wasu ma har suka ce halittu ne daga wata duniya suka yi aikin. A 2012 masana biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, suka ƙera kwatankwacin moai mai nauyin tan 4 da wani abu, suka ɗaura masa igiya uku a ka, mutum 18 suka kama, na dama su ja, na hagu su ja, na baya su tare kada ya kife. Sai ga dutse na rangaji yana ci gaba a tsaye, taku bayan taku. Moai ɗin da suka faɗi a tsofaffin hanyoyi ma gindinsu ya fi faɗi, jikinsu ya ɗan rusuna gaba, daidai yadda irin wannan tafiya ke bukata. Ba duk masana suka yarda an gama magana ba, amma ni dai da na ga faɗaɗɗun nan a bakin hanya, na fi karkata ga maganar kakar Koro.

Maganar halittun wata duniya kuwa ba ta ba shi dariya. Ya ce duk wanda ya faɗi haka, abin da yake nufi shi ne kakanninsa ba su isa su yi wannan aiki ba.

Akwai wani labarin da ya fi wannan yi masa ciwo, ni ma da shi na zo a kaina. Na karanta, kamar yadda mutane da yawa suka karanta, cewa mutanen Rapa Nui da hannunsu suka hallaka kansu: suka sare itatuwa kaf don jan gumaka, yunwa ta shigo, suka faɗa wa juna da yaƙi har suka kusa ƙarewa. Gaskiya ne dajin ya tafi. Akwai wani irin babban giginya da ya rufe tsibirin a da, yanzu babu shi a duniya, kuma sara da ƙuna don noma sun taimaka, ɓerayen da suka zo cikin kwalekwale suna cinye ƙwallon ma sun taimaka. Gaskiya ne kuma an yi rigingimu tsakanin zuri'o'i, an kifar da moai. Amma abin da ya kusa share mutanen daga doron ƙasa daga teku ya zo. A watan Disambar 1862 jiragen masu farautar bayi daga Feru suka fara dira a nan, cikin 'yan watanni suka kwashe mutum wajen 1,500, har da sarki da masu ilmin karatun rubutunsu. Da aka matsa wa Feru lamba ta maido da su, yawanci sun riga sun mutu, waɗanda suka iso gida da rai ba su wuce 15 ba, kuma da cutar agana suka dawo. Tarin fuka ya biyo baya, wasu kuma aka kwashe su zuwa Tahiti. A 1877 mutum 111 suka rage a tsibirin. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2024 bai ga alamar wata faɗuwar yawan jama'a a ƙarni na 17 ba, lokacin da ake cewa sun cinye junansu.

Cile ta karɓi tsibirin a 1888, ta ba da shi haya. Daga 1903 zuwa 1953 wani kamfani ya mai da shi makiyayar tumaki, dubban tumaki na yawo inda suka ga dama, masu ƙasar kuma an killace su a Hanga Roa da shinge, ba mai fita sai da takardar izini. Ba su zama cikakkun 'yan ƙasar Cile ba sai 1966. Koro ya ce mahaifinsa ya girma bai taɓa ganin Rano Raraku ba sai da ya zama saurayi, alhali tafiyar yini ɗaya ce da ƙafa. Rubutun nasu, rongorongo, wanda ake zanawa a kan allunan itace, har yau babu mai iya karanta shi. Allunan da suka tsira ba su kai 30 ba, kuma duk suna gidajen tarihi na wasu wurare. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wannan kuwa ba daɗi gare ta ba, amma gara da na ji ta daga bakinsa.

Gaɓar arewa muka bi da yamma. Mun tsaya a Te Pito Kura inda moai mai suna Paro ke kwance a kife, mafi tsawo da aka taɓa tsayarwa a kan ahu, kusan mita 10, kunnensa kaɗai ya fi ni tsawo. Daga nan sai Anakena. Bayan kwana uku ina ganin baƙin dutse mai kaifi da teku mai fushi, ban shirya wa abin da na gani ba: farin yashi mai laushi, ruwa kore garau a kwance, itatuwan kwakwa da aka kawo daga Tahiti, iyalai sun baje suna gasa kifi. A nan, in ji su, Hotu Matu'a, sarkinsu na farko, ya sauka da mutanensa. Moai bakwai na Ahu Nau Nau suna tsaye bisa tudun yashi, yashin da ya binne su shekaru ya kare su, shi ya sa zanen da ke bayansu da yatsunsu dogaye ke fitowa sarai. A nan ne a 1978, lokacin da Sergio Rapu, masani ɗan asalin tsibirin, ke jagorantar gyara, aka tono gutsattsarin farin murjani, aka harhaɗa, sai ga ido. Kafin nan ana zaton kwarmin idonsu haka yake fanko. Ashe sai an kai moai kan dandamalinsa ake buɗe masa kwarmi a sa masa ido, daga ranar kuma ya zama mai gani. Na shiga ruwan har ƙirji, na juyo, bakwai ɗin nan duk bayansu nake gani.

Akwai dai bakwai na Ahu Akivi, can cikin tudu, da ake cewa su kaɗai ke duban teku. Koro ya ce a gabansu ma akwai ƙauye a da, shi suke kallo, teku ta faɗo ne a bayan ƙauyen. Ba nisa da nan muka shiga kogon Ana Kakenga, ta wani rami da sai ka tsuguna ka ja jiki cikin duhu, ka bi hanyar da narkakken dutse ya huda, sai kogon ya rabu biyu, kowane reshe ya ƙare da taga a tsakiyar gaɓa. Ƙasa can teku na tafasa. Na zauna nesa da bakin, iska na shigowa da ƙarfi, ban iya daɗewa ba.

Orongo na bari sai kwana na biyar, shi ma sau ɗaya ake shiga. Hanya ta hau dutsen Rano Kau, a sama kuma ƙasa ta buɗe: rami zagayayye mai faɗin fiye da kilomita ɗaya da rabi, can ƙasansa tafki ne da ciyawar totora ta rufe shi tsibi-tsibi, ruwa na ƙyalli a tsakaninta. Gefen ramin da ke wajen teku ya zaizaye kamar an gatsa. A kan siririn tudun da ke tsakanin ramin da teku aka gina ƙauyen, gidaje 50 da 'yan kai, na falalen dutse da aka ɗora kan juna, rufinsu ciyawa, ƙofofinsu duk suna duban ruwa. Daga bakin gaɓar zuwa teku mita 300 ne a miƙe. Iskar wurin sai da ta sa na riƙe hulata a hannu.

Ba mazauni ba ne, wurin biki ne na 'yan makonni a shekara. Bayan zamanin moai ya ja baya, a nan ake zaɓen tangata manu, wato mutum-tsuntsu. Daga gaɓar ana hango ƙananan tsibirai uku, Motu Kao Kao mai tsini kamar mashi, Motu Iti, da babbansu Motu Nui. Kowace shekara, wajen watan Satumba, tsuntsun teku da suke kira manutara na zuwa ya yi ƙwai a Motu Nui. Kowane shugaban zuri'a sai ya tsayar da saurayi, hopu, ya sauka wannan gaɓa da hannu da ƙafa, ya rungumi damin totora ya yi iyo fiye da kilomita ɗaya cikin ruwa mai ƙarfi da manyan kifaye masu cin mutum, ya zauna a kogo kwana da kwanaki yana jira. Wanda ya fara samun ƙwai ya ɗaura shi a goshi, ya iyo, ya hau gaɓar, ya miƙa wa ubangidansa ba tare da ya fashe ba. Ubangidan ne ke zama tangata manu. A aske masa kai, a kai shi wani gida ya zauna shekara guda a keɓe, ba mai taɓa shi, zuri'arsa kuma ta samu fifiko a shekarar. An daina a shekarun 1860, bayan zuwan 'yan mishan. A kan duwatsun ƙarshen ƙauyen an zana mutum mai kan tsuntsu, a tsugune, ɗaruruwa, wani kan wani, da fuskar Makemake, abin bautarsu, mai manyan idanu. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga kumfa kamar zare a gindin gaɓar, na ja da baya ina tunanin uwayen samarin nan.

Koro ya tsaya gaban wani gida ya ce daga cikinsa aka fitar da Hoa Hakananai'a. Moai ne na dutse mai tauri, tsawonsa kusan mita biyu da rabi, bayansa cike da zanen mutum-tsuntsu. A 1868 ma'aikatan jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Topaze suka rushe gefen gidan suka ja shi zuwa jirgi, aka miƙa wa Sarauniya Biktoriya, ita kuma ta ba gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, yana can har yau. A 2018 tawagar tsibirin ta je Landan ta roƙi a maido shi. Na tambaye shi ko ya taɓa ganinsa. Ya ce a hoto.

Ranar ƙarshe ban sa mu tafi ko'ina da mota ba. Da safe na je ɗan gidan tarihi mai sunan Sebastian Englert, limamin Katolika ɗan Jamus da ya yi shekaru sama da 30 a tsibirin yana rubuta harshensu, na ga idon nan na Anakena a cikin gilashi, fari, da jan dutse a tsakiya. Na sauka tashar masunta na ci soyayyen burodi mai cike da kifin tuna, kunkurayen ruwa na yawo tsakanin kwalekwale suna jiran abin da masunta za su jefa. Da la'asar sakaliya Koro ya zo muka taka zuwa Tahai, inda kowa ke zuwa kallon faɗuwar rana, inda kuma moai mai suna Ko Te Riku ke tsaye shi kaɗai da pukao a ka da idanun da aka sa masa a zamanin nan.

Hanyar ta bi ta gefen makabartar garin, wadda ke bakin teku, da gajeriyar katangar dutse. Kaburbura ne masu furanni, da gicciye na itace, wasu an sassaƙa musu tsuntsu, wasu ƙaramin moai. Koro ya ce in ba shi minti biyar. Ya shiga, ya bi tsakanin kaburburan ba tare da ya duba ƙasa ba, ya tsuguna gaban wani, ya ciccire ciyawar da ta fito, ya ɗauko wata gora da aka ajiye a gefe ya zuba wa furanni ruwa. Leɓensa na motsi. Ni na tsaya daga wajen katanga, hulata a hannu. Da ya fito ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce mahaifiyarsa ce, sannan ya dubi rana ya ce mu ɗaga ƙafa, ta kusa taɓa ruwa.